Ɗana yana cin gwajin kemistiri, amma malaminsa ya zaftare masa makin aji

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Makka ne, a nan aka haife ni, kuma sana'ata tsire, ina da ɗan shago a wajen titin Mansur. Babban ɗana yana ajin farko na sakandare. A gwajin kemistiri na rubutu ya samu 18 cikin 20, amma da na buɗe manhajar Nur, inda makaranta take saka makin ɗalibai, sai na tarar malamin ya ba shi 23 cikin 40 a ɓangaren aikin gida da ayyukan aji da sa baki a darasi. Yaron nan ba shi da surutu, ba shi da rashin kunya, tun yana ƙarami na hore shi kada ya ɗaga murya a gaban manya. Yana taimaka mini a shago daga bayan isha'i har wajen ƙarfe 1 na dare, kuma ya ce mini da safe yake yin aikin gidansa. Abokaina sun ce malamin ya ƙi jininsa ne saboda launin fatarmu, suna ta zuga ni in je in ci masa mutunci a gaban mudiri, wato shugaban makaranta. Yaron yana son ya shiga fannin lafiya. Yaya zan yi?

Uban yara, daga Makka

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya wannan yaro, ya kuma sanya albarka a sana'arka. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ajiye shawarar abokanka a gefe tukuna, domin idan ka shiga makaranta da faɗa alhali ba ka riƙe da hujja ko guda, za ka fito ka bar ɗanka a hannun malamin da ka kunyata har ƙarshen shekara, kuma makin ba zai motsa daga inda yake ba. Ban ce zargin da suke yi ba ya faruwa a duniya ba, kuma zan dawo kansa. Sai dai a cikin wasiƙarka kai da kanka ka ambaci abubuwa biyu da suka isa su kai yaro ga 23 ko da malaminsa waliyyi ne, wato kwanan shago da kuma shirun da ka hore shi da shi.

Ya kamata ka fara fahimtar yadda aka raba makin nan, saboda iyaye da yawa a cikinmu har yanzu suna auna makaranta da ma'aunin zamanin da jarrabawar ƙarshe ita ce komai. A tsarin da makarantun gwamnati suke bi a darussa irin wannan, maki 100 ya kasu gida uku: 40 na ayyukan da aka ɗora wa ɗalibi da sa bakinsa a darasi, 20 na gajerun gwaje-gwaje a cikin zango, sai 40 na jarrabawar ƙarshen zango, wadda a darussan kimiyya takan haɗa da ɓangaren aiki a ɗakin gwaji. Ma'ana, an riga an rubuta kashi 60 kafin yaro ya zauna a ɗakin jarrabawar ƙarshe. Yi lissafin ɗanka: 23 da 18 sun ba da 41, don haka ko da bai kuskure tambaya ɗaya ba a jarrabawar ƙarshe, iyakarsa 81. Ɗauki wani yaro da bai kai shi kaifin ƙwaƙwalwa ba, wanda ya samu 14 a gwaji, ya samu 30 a jarrabawar ƙarshe, amma ya kiyaye aikin gidansa da ayyukan aji har ya tara 38. Wannan yaron zai tashi da 82, ya wuce ɗanka. Kana iya jin haushin wannan tsari, kuma akwai malaman da su ma suke ganin an ba hukuncin malami wuri mai faɗi da yawa, amma shi ne tsarin da ake auna kowane yaro a ajin da shi, kuma ma'aikatar ilimi ce ta shimfiɗa shi, malamin bai ƙirƙiro shi don ɗanka ba.

Maganar aikin gida ita ce ta fi damuna. Yaron da ya rufe shago ƙarfe 1 na dare, ya tashi sallar asuba, ya kama hanyar makaranta kafin ƙarfe 7, ba shi da wata safiya da zai zauna ya warware tambayoyin kemistiri a cikinta. Idan ya ce maka da safe yake yi, mafi kusa ga gaskiya shi ne yana kwafa ne, ko daga littafin aboki kafin a shiga layi, ko daga shafukan intanet da suka zuba amsoshin littattafan ma'aikata babi bayan babi, ko kuma wasu ranakun bai kai komai ba. Ba na faɗin haka don in ɓata maka shi. Yaro ne da yake ƙoƙarin kada ya saɓa wa mahaifinsa a shago, kada kuma ya ji kunya a makaranta, sai ya nemi hanyar da ta fi gajarta. Amma malamin kemistiri yana gane aikin da aka kwafa cikin sauƙi, domin zai ga amsa ta faɗo daga sama ba tare da matakan da suka kai gare ta ba, ko ya ga kuskure iri ɗaya a littattafai goma. Ayyukan da ake bayarwa ta dandalin Madrasati kuwa, wanda aka buɗe a 2020 lokacin annobar korona kuma aka ci gaba da amfani da shi, suna da lokacin rufewa, kuma na'ura ce take rubuta wanda ya aika da wanda bai aika ba. A nan babu batun son rai ko ƙiyayya.

Asarar kwafa ta wuce ta maki. A littafin kemistiri na ajin farko akwai babin mol, kuma a wannan babin ne yawancin yaran da suka saba cin gwaji da hadda suke tuntuɓe. Ana gaya wa ɗalibi cewa mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³, kuma nauyin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne. Idan aikin gida ya ce mol nawa ne a cikin giram 36 na ruwa, wanda ya kwafa zai rubuta 2 ya rufe littafi, kuma amsarsa daidai ce. Ranar da malami ya mayar da tambayar ta zama ta gishirin girki, wanda nauyin mol ɗinsa kusan giram 58.5 ne, ko ya juya ta ya ba da adadin ƙwayoyi ya nemi nauyi, sai yaron ya tsaya, domin hannunsa bai taɓa bin hanyar da kansa ba. Haka abin yake a daidaita ma'aunin haɗuwar sinadarai, haka yake a fiziks idan aka zo lissafin abin da ya faɗo daga sama da hanzarin jan ƙasa na 9.8. Waɗannan darussa ana hawa su ne bene bayan bene, kuma babin da aka tsallake a ajin farko yana jiran yaro a aji na biyu da na uku. Makin 18 da ya samu ya nuna yana da basira ƙwarai, tunda ya same shi da ɗan abin da ya ji a aji cikin gyangyaɗi, amma basira kaɗai ba za ta ɗauke shi har ƙarshen sakandare ba.

Na ce gyangyaɗi da gangan. Likitocin barci suna cewa yaro mai shekaru irin na ɗanka yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana, shi kuwa naka idan ya samu 4 a dare ya yi sa'a. Malamin da yake duban ajinsa ba ya ganin yaro mai ladabi da ya taimaki mahaifinsa daren jiya. Abin da yake gani shi ne yaro a kujerar baya, kansa a sunkuye, idanunsa jajur, bai taɓa ɗaga hannu ba. Da me zai cika masa gurbin sa baki a darasi?

Sai batun tarbiyya, kuma a nan ina so in yi magana a hankali, domin abin da ka koya wa ɗanka abu ne mai kyau, kuma shi ne iyayenmu suka riƙe a wannan gari tun zamanin da suka zo da ƙafa ta Sudan suka ƙetare Bahar Maliya. Yaron da ba ya katse babba, ba ya ƙura masa ido, ba ya amsawa kafin a tambaye shi, abin alfahari ne a zaure. Kuskuren da ake yi shi ne a bar yaro ya ɗauka cewa aji ma zaure ne. A cikin aji, malami yana jefa tambaya ne don ya san inda fahimta ta tsaya, kuma ɗalibin da ya san amsa ya yi shiru ya hana malamin abin da yake nema. Wannan bambanci ba baƙon abu ba ne a addininmu. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya gane a ransa dabino ce, amma ya ji kunya ya yi shiru saboda akwai manya a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar bai yaba masa shirun ba, sai ya nuna masa cewa da ya faɗa da ya fi soyuwa a gare shi fiye da abubuwa masu yawa. A wannan littafin dai aka kawo maganar Mujahid cewa mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Ka ga ke nan uba ne ya buɗe wa ɗansa baki a wancan labari, kuma a gidanka ma kai ne kaɗai za ka iya. Idan malami ya ce masa ya yi magana sau ɗari, muryarka ce zai ci gaba da ji a kunnensa, har sai ranar da ka zaunar da shi ka ce masa a fili: a gaban malaminka, ladabi shi ne ka ɗaga hannu, ka jira a ba ka izini, ka amsa da murya mai fita, kuma idan ba ka gane ba ka tambaya.

Kada ka nemi ya koma mai zuba a rana ɗaya, domin ba zai iya ba, kuma ba shi ake bukata ba. Yaro mai kunya ya fi samun sauƙi idan ya shiga aji da tambaya a rubuce. Ya duba darasin gobe na minti goma tun da dare, ya rubuta abu ɗaya da bai gane ba a gefen littafinsa, ya karanta shi a aji idan an ba da dama. Ya matsa daga kujerar baya idan akwai hali. Ya riƙa zuwa da littafinsa da kayan rubutunsa cikakku, tunda malamai da yawa suna lissafa wannan a cikin makin. Ɗakin gwaji kuma wuri ne da yaro marar surutu zai iya haskakawa ba tare da dogon bayani ba: idan aka raba su rukuni-rukuni, ya karɓi aikin awo ko na rubuta sakamako, ya sa tabaran kariya ba sai an tuna masa ba, ya rubuta kowace lamba tare da ma'auninta, giram ne ko mililita, kuma idan sakamakon gwajin ya saɓa wa abin da littafi ya faɗa, ya rubuta abin da ya gani da dalilin da yake zato, kada ya gyara lambar don ta yi kyau. Malamin kimiyya na ƙwarai yana daraja rahoton da ya faɗi gaskiyar abin da ya faru fiye da wanda aka share aka yi masa kwalliya.

Yanzu ga zargin abokanka. Malamin da ya ba ɗanka 23 shi ne dai ya ba shi 18 cikin 20, kuma wannan yana rage wa zargin ƙarfi, ko da yake bai kashe shi gaba ɗaya ba, domin wanda yake son ya zalunci yaro ba a takardar gwaji yake yi ba, inda kowa zai iya dubawa. A makin da aka bar wa hukuncinsa yake yi. Duk wanda ya girma a unguwanninmu ya san akwai kalmomin da ake jifan yaranmu da su, kuma ba zan ce maka hakan ba ya shiga makaranta ba. Amma akwai hanyar gane gaskiya ba tare da hayaniya ba. Kowane malami yana riƙe da rajistar bibiyar ɗalibai, inda yake rubuta wanda ya kawo aikin gida, da wanda ya yi aikin da aka ɗora masa, da wanda ya sa baki a darasi. Ka nemi ganawa ta hannun malamin da yake kula da shawarwarin ɗalibai, wanda ake kira muwajjih, ka je a lokacin da aka ba ka, ka yi sallama, ka gode wa malamin a kan ƙoƙarinsa, sa'an nan ka roƙe shi ya nuna maka yadda 40 ɗin nan ta rabu, da wuraren da ɗanka ya rasa maki 17, da kuma abin da zai iya ramawa kafin a rufe shigar da maki. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi amfani, saboda malamai da yawa suna karɓar aikin da aka makara da shi ko su ba da wani a madadinsa idan sun ga uba ya zo da kansa cikin mutunci. Ka kuma gaya masa gaskiyar batun shago. Ba abin kunya ba ne, kuma zai canza yadda yake kallon yaron da yake gyangyaɗi a ajinsa.

Idan ya buɗe rajista ka ga ranaku da ayyukan da ba a kawo ba a jere, magana ta ƙare, gyara ya koma gidanka. Idan kuwa ya ƙi nunawa, ko ka ga babu komai a rubuce sai lamba kawai, ko ɗanka yana da ayyukan da aka duba aka sa hannu amma ba a lissafa su ba, to a lokacin kana da hujja. Sai ka kai maganar ga wakilin makaranta, wato mataimakin mudiri, idan ba ta warware ba ka rubuta wa mudiri takarda mai kwanan wata, kana bayyana abin da ka gani ba tare da zagi ko kiran kowa da wani suna ba. Bayan wannan akwai hukumar ilimi ta Makka, akwai kuma hanyar Tawasul da ma'aikatar ilimi ta tanada don karɓar koke. Idan har akwai wata kalmar cin fuska da aka taɓa faɗa wa yaron a aji, ka tambaye shi a keɓe ranar da aka faɗa da waɗanda suke wurin, ka sa a cikin takardar. Tun daga yau kuma ya riƙa ajiye duk takardar da aka dawo masa da ita, ya ɗauki hoton duk aikin da ya aika ta Madrasati.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan wannan shekarar shi ne burin da yaron ya faɗa maka. Tun da aka kawo tsarin masarat a 2021, ajin farko na sakandare shekara ce ta bai ɗaya, daga nan ake rarraba ɗalibai zuwa fannoni biyar: na gama-gari, na lafiya da rayuwa, na kwamfuta da injiniyanci, na harkokin kasuwanci, da na shari'a. Gurbin fannin lafiya ba a kowace makaranta yake ba, kuma makin wannan shekara yana cikin abin da ake dubawa wajen zaɓe, ban da cewa yana shiga jimillar sakamakon sakandare. A gaba kuma akwai jarrabawar Kudurat da ta Tahsili, waɗanda ake yi don shiga jami'a. Ita Tahsili ta fannin kimiyya tana tambaya ne a kan ilimin halittu da kemistiri da fiziks da lissafi na dukan shekaru uku, kuma jami'o'i da yawa suna ba ta kaso mafi girma idan suna haɗa makin shiga kwalejojin lafiya. A ɗakin wannan jarrabawa babu malamin da zai so yaro ko ya ƙi shi, kuma babu littafin aboki. Abin da hannunsa ya saba warwarewa shi kaɗai zai shiga da shi. Ka kuma tuna cewa daga shekarar karatu ta 1447 Hijiriyya an koma zango biyu maimakon uku, don haka kowane zango ya ƙara nauyi, kuma damar gyara sakamako a cikin shekara ta ragu.

Saura maganar shago, wadda na san ita ce mai wuya, domin tsire sana'ar dare ce, kuma hannun ɗa ya fi na ɗan aiki aminci da sauƙin kuɗi. Ba zan ce ka raba shi da shagon gaba ɗaya ba. Sanin sana'ar uba ba ya cutar da likita. Amma makaranta tana aiki daga Lahadi zuwa Alhamis, don haka daren Alhamis wayewar Juma'a da daren Juma'a wayewar Asabar naka ne, kuma su ne ma ranakun da kasuwa ta fi cika. A sauran darare biyar, ka sallame shi ya kasance a gida tun bayan isha'i, ya yi aikin gidansa a ranar da aka ba shi, ya kwanta kafin ƙarfe 11. Idan akwai darasin da ya wuce shi, darussan tashar Ain suna nan kyauta a YouTube bisa littafin da yake karantawa, ba sai ka biya malamin gida ba tukuna. Ba sai ka iya kemistiri ba kafin ka sa ido: ka ce ya buɗe maka littafin, ka nuna tambaya ɗaya da yatsa, ka ce ya rufe amsar ya bayyana maka da Hausa yadda aka yi aka kai gare ta. Idan ya iya, shi ya yi aikin. Idan ya fara kame-kame, ka san inda aka kwana. Ka yi lissafin abin da za ka biya wani yaron shago na darare biyar a mako, kuma ka fara neman sa tun yanzu, kafin azumi ya zo gari ya cika da masu Umara ka rasa wanda za ka ɗauka.